Boris Smeds da Saƙon da Ya Kusa Salwanta a Titan

A farkon watan Fabrairu na shekarar 2000, wani injiniya ɗan ƙasar Suwidin mai suna Boris Smeds ya bar ofishinsa da ke Darmstadt ta ƙasar Jamus, ya nufi hamadar Mojave a jihar Kalifoniya ta Amurka, domin ya gudanar da wani gwaji wanda mutane da dama a wurin aikinsa suke ganin ba dole ba ne. A Goldstone, inda hukumar NASA ta kafa manyan faya-fayan eriya na magana da kumbunan da suka yi nisa, aka ba shi aron guda mai faɗin mita 34 na kwana biyu. Abin da ya je yi shi ne ya kwaikwayi muryar wani ƙaramin kumbo, ya aika da ita zuwa ga babban kumbon Cassini, wanda a lokacin ya yi nisan kusan kilomita miliyan 430 daga duniya, ya ga ko zai gane abin da aka faɗa masa.

Ƙaramin kumbon sunansa Huygens, kuma a wannan lokaci yana maƙale a jikin Cassini kamar goyo, yana barci. An harba su tare daga Cape Canaveral ranar 15 ga Oktoba 1997, suka bi wata doguwar hanya mai kwana-kwana. Sau biyu suna gilmawa ta kusa da Zara, wadda Hausawa ke yi wa laƙabi da matar wata, sau ɗaya ta kusa da duniya, sa'annan Mushtari na jiransu a ƙarshen shekarar 2000, duk don su ƙara gudu da ƙarfin jan da waɗannan duniyoyi ke yi. Inda aka dosa shi ne Zuhalu mai zobba, wadda Turawa ke kira Saturn. Cassini akasari aikin Amurka ne, an tsara ya riƙa kewaya Zuhalu shekara da shekaru. Huygens kuwa na Hukumar Binciken Sararin Samaniya ta Turai ne, wato ESA, inda Smeds ya haura shekara ashirin yana aiki, kuma dukkan aikinsa bai cika yini guda ba. Za a sake shi ya faɗa cikin iskar Titan, babban watan Zuhalu, ya buɗe laima, ya yi kimanin sa'o'i biyu da rabi yana saukowa, yana auna abin da ya tarar, yana ɗaukar hotuna.

Masanin taurari ɗan ƙasar Holan, Christiaan Huygens, shi ya fara hango Titan a 1655, shi ya sa aka raɗa wa kumbon sunansa. Wata ne mai faɗin kilomita 5,150, kuma a duk watannin da ke kewaya duniyoyin rana shi kaɗai ne ke da iska mai kauri. Lokacin da kumbon Voyager 1 ya wuce ta kusa da shi a watan Nuwamba 1980, hotunan da ya turo ba su nuna komai ba sai hazo ruwan goro wanda ya lulluɓe shi ruf. Tun 1982 aka fara kawo shawarar a aika da abin da zai ratsa hazon nan. Akwai masanan da suka shiga aikin da ƙuruciyarsu, kuma an san sai sun yi furfura kafin ranar sauka ta zo.

Huygens ba shi da ƙarfin da zai aika da hotuna da alƙaluma kai tsaye zuwa duniya daga nisan fiye da kilomita biliyan ɗaya. Ba ya kuma jin kira. Magana kawai yake yi, sau ɗaya, har batirinsa ya ƙare. Cassini ne zai juya faifan eriyarsa mai faɗin mita 4 ya fuskanci Titan, ya ba duniya baya, ya naɗi duk abin da ya ji, daga baya ya juyo ya isar. Duk abin da kunnen Cassini ya kasa ganewa a cikin waɗannan sa'o'i ya tafi ke nan, babu wanda zai ce a maimaita.

Abin da Smeds ya so ya tabbatar yana da alaƙa da wani al'amari da kowa ya taɓa ji da kunnensa. Idan mota mai jiniya ta taho a guje, ƙararta takan fito siririya, a sama. Da zarar ta gifta sai ƙarar ta sauka ta yi kauri. Mai nazarin karin sautin Hausa zai ce faɗau ne aka ja shi ya yi tsawo. Direban motar bai taɓa komai ba, kuma shi a kunnensa ƙarar ba ta sauya ba. Christian Doppler, haifaffen Salzburg a ƙasar Ostiriya, shi ya bayyana dalilin wannan a wata takarda da ya gabatar a birnin Prag a 1842, ko da yake shi hasken taurari ne ya dame shi. Bayan shekara uku, Buys Ballot ya gwada maganar a Holan ta hanyar da ba ta buƙatar wata na'ura: ya ɗora masu busa a kan jirgin ƙasa a layin da ya taso daga Utrecht, ya tsayar da mawaƙa masu kaifin kunne a gefen dogo, suka riƙa faɗin muryar da suka ji kafin jirgi ya iso da bayan ya wuce.

Rediyo igiya ce kamar yadda sauti yake igiya, kuma Bahaushe mai sauraron rediyo ya daɗe da mallakar rabin kalmomin da ake buƙata. Idan mai gabatarwa ya ce ana kama tasharsu a gajeren zango a kan mita 19, tsawon igiya guda yake faɗa, daga ƙololuwar wannan zuwa ƙololuwar mai bi mata. Ɗaya rabin shi ne adadin igiyoyin da ke isowa a cikin daƙiƙa guda, wanda ake ƙirgawa da haz, kuma za a kira shi yawan kaɗawa a nan. Su biyun a ɗaure suke: igiyar rediyo tana gudun kusan kilomita 300,000 a daƙiƙa, saboda haka mita 19 daidai take da kaɗawa wajen miliyan 15 da ɗoriya a daƙiƙa. Idan zango ya gajarta, kaɗawa ta yawaita. Kalmar zango ita kanta ta fatake ce, kuma fataken za su yi amfani wajen fahimtar abin da motsi ke yi wa igiya.

A ce ayari ya taso daga Gwanja ya nufo Kano, madugu kuma ya ɗauki al'adar tura ɗan aike kowace safiya da wasiƙa zuwa gida. A ce ɗan aike yana cin kilomita 60 a kwana, ayari yana cin 20. Muddin ayari ya yada zango ya zauna, mutanen gida za su riƙa ganin ɗan aike guda duk sa'a 24, komai nisan wurin. Amma in ayari yana tafe, ɗan aiken yau zai tashi daga wurin da ya fi na jiya kusa da gida da kilomita 20, wato an rage masa sulusin kwana. Sai mutanen gida su riƙa ganin ɗan aike duk sa'a 16. Ranar da ayari ya juya ya nufi Gwanja kuwa, sai tazarar ta koma sa'a 32. Madugu bai sauya al'adarsa ba, ɗan aike bai ƙara sauri ba. Ƙirgen mai karɓa ne ya bambanta da na mai aikawa, kuma girman bambancin ya dogara ga yadda gudun ayari yake idan an gwada shi da gudun ɗan aike. Akwai wani abu a cikin misalin da ke da sauƙin wucewa ba a lura ba: duk ɗan aiken da ya iso da wuri, da wasiƙarsa ya iso. Idan 'yan aike sun matsu kusa da juna, wasiƙu ma sun matsu.

A rediyo, ɗan aiken yana gudun haske ne, don haka bambancin ƙanƙane ne ƙwarai. Motar da ke gudun kilomita 100 a sa'a ta nufi tashar da ke watsa shiri a kan megahaz 100 za ta samu ƙarin haz 9 kacal a cikin miliyan ɗari, abin da babu akwatin rediyon da zai damu da shi. Lissafin Huygens ya ɗan fi haka. Bisa tsarin farko, Cassini zai biyo bayansa ne kusan a kan layi ɗaya. Da zarar iskar Titan ta tare Huygens ya koma lilo a ƙarƙashin laima, Cassini zai ci gaba da tunkaro shi da gudun da ya kai kilomita 5.5 a daƙiƙa. Huygens yana magana a kan tashoshi biyu, ɗaya megahaz 2040, ɗaya megahaz 2098, igiyoyin da tsawonsu bai wuce santimita 15 ba. A irin wannan gudu, Cassini zai ji su sun hau da kusan kilohaz 38. Waɗanda suka ƙera na'urar karɓa sun san da wannan sarai, sun kuma yi mata tanadi. Za ta nemi igiyar a inda ta koma, ta kama ta, ta riƙe.

Sai dai igiyar 'yar dako ce. Saƙon da take ɗauke da shi jerin ɗigo ne, kowane ɗigo sifili ko ɗaya, guda 8,192 a kowace daƙiƙa. Waɗannan su ne wasiƙun. Gudun da ya matse igiyar dako da kashi 18 cikin miliyan zai matse ɗigon da kashi 18 cikin miliyan, wato ɗigo guda na ƙari a kusan kowace daƙiƙa bakwai. A cikin na'urar karɓa akwai wani sashe wanda aikinsa shi ne ya gane inda ɗigo ya ƙare da inda na gaba ya fara, yana daidaita agogonsa da na mai aikawa. An ƙera sashen nan da ƙuntataccen haƙuri. Idan ɗigon suka zo da saurin da ya ɗara wanda yake tsammani da ɗan kaɗan, musamman in siginar ba ta da ƙarfi, sai ƙafarsa ta zame, ya tsallake ɗigo guda. Malaman ƙa'idojin rubutun Hausa sun san irin wannan ɓarna. Haruffan "ta fi" da na "tafi" ɗaya ne, haka na "sa ni" da "sani", wurin rabuwa ne ya raba ma'ana. A saƙon kumbo abin ya fi muni, domin ɗigo guda in ya zame, duk abin da ya biyo baya sai ya karkace, a watsar da ƙunshin gaba ɗaya har sai na'ura ta sake gano alamar farkon wani ƙunshin. Da an tafi a haka, da mafi yawan abin da Huygens zai faɗa ya iso a matsayin shirme.

Yadda aka yi wannan aibi ya tsallake idon ɗaruruwan ƙwararru abin dubawa ne, domin babu malalaci a cikinsu. An gwada na'urar aikawa, tana aiki. An gwada na'urar karɓa, tana aiki. An haɗa su a ƙasa sun fahimci juna, amma a ƙasa dukkansu a zaune suke, ayari ne da ya yada zango. Bayan an harba su ma, duk wata shida akan tashi Huygens a duba lafiyarsa, ya yi wa Cassini magana ta cikin wayar da ta haɗa su, komai ya fito daidai. Goyo da mai goyo ai gudunsu ɗaya, babu motsi a tsakaninsu. Cikakken gwajin da zai kwaikwayi motsin ba a yi shi ba kafin harbawa. Bugu da ƙari, kamfanin Italiya da ya ƙera na'urar karɓa ya ɗauki cikakken zanenta a matsayin sirrin sana'a, saboda haka injiniyoyin NASA, waɗanda suka shekara da shekaru suna fama da irin wannan lissafi, ba su ga cikinta ba. Kowane ɓangare ya ɗauka ɗayan ya duba. Irin wannan aibi a tsakanin ofisoshi yake zama, inda ba a rubuta sunan kowa a ƙofa ba.

Da aka zo maganar yin gwaji a cikin doguwar tafiyar, wadda ba a cika yin komai a cikinta ba, abin da aka fara tunani shi ne mai sauƙi: a aika da igiyar dako tsurarta daga duniya, a ga ko Cassini zai kama. Da an yi haka da ya kama, an rubuta rahoto cewa komai lafiya, an rufe fayil. Smeds ya ce in dai za a yi, a yi shi da saƙo a kai, da irin saurin ɗigon da za a samu ranar sauka, da irin raunin siginar, da irin hawan kaɗawar. Bai san akwai aibi ba. Wannan ne ma abin lura a cikin labarinsa: ba shi da wata hujja da zai ɗora a tebur, illa dai cewa abin da ba a gwada ba ba a san shi ba. Gwajin nasa ya fi wahala, yana cin lokacin eriyar da kumbuna da yawa ke layi a kanta, kuma yana nufin a taɓa na'urar da takardu suka riga suka ce lafiyarta ƙalau. Ya sha ja-in-ja kafin a amince. Ya samu goyon bayan Claudio Sollazzo, mai kula da ayyukan Huygens daga ƙasa, da Jean-Pierre Lebreton, babban masanin kimiyyar shirin. Shi da kansa ya haɗa jerin ɗigon gwajin a kan kwamfuta, jerin da ya san kowane ɗigo a cikinsa, domin in ya dawo a gane abin da ya sauya.

Aikin na Goldstone yana buƙatar lissafi hawa biyu. Cassini yana nesanta daga duniya da nasa gudun, duniya kuma tana juyawa da eriyar a bayanta, saboda haka duk abin da aka aika zai isa da kaɗawar da ta bambanta da wadda aka aika. Dole Smeds ya cire wannan bambanci na gaskiya, sa'annan ya ɗora na kwaikwayo, yadda Cassini zai ji tamkar Huygens ne ke magana daga cikin hazon Titan. Saƙo yana ɗaukar kimanin minti 24 ya isa, minti 24 ya dawo, kana ya bi ta Kalifoniya zuwa Darmstadt inda abokan aikinsa ke kwatanta abin da ya dawo da abin da aka aika. Mutum ya murɗa abu, ya jira fiye da kashi uku cikin huɗu na sa'a kafin ya san abin da murɗawar ta haifar.

Cassini ya kama igiyar dako ba tare da wata matsala ba. Saƙon kuwa ya riƙa dawowa a dagule, wani lokaci ya gyaru, wani lokaci ya watse, ba tare da wani tsari da ke bayyane ba. A irin wannan hali abin da ya fi sauƙi shi ne mutum ya zargi kayan gwajinsa, ya kammala jadawalin da aka ba shi, ya koma gida. Smeds ya kauce wa jadawalin. Ya cire hawan kaɗawar da ya ɗora na kwaikwayo, ya aika da saƙon kamar babu motsi tsakanin kumbunan biyu, ya jira. Saƙon ya dawo garau. Allura ta tono garma.

Ganin abu daban, sa hukuma ta yarda daban. Akwai waɗanda suka ce kuskuren daga kayan Goldstone ne, ko daga yadda aka tsara gwajin, kuma ba za a ce ba su da dalili ba, tun da gwajin sabo ne, na'urar kuwa ta ci jarrabawa da yawa. Ga shi kuma 'yan watanni kafin nan NASA ta yi asarar kumbuna biyu a Mirrihu, wato Mars, ɗaya a Satumba 1999 saboda wani ɓangare ya yi lissafi da ma'aunin Ingilishi wani ya yi da na mita, ɗaya a Disamba. Ba lokaci ne da kowa ke marmarin jin sabon mugun labari ba. Smeds ya koma Darmstadt da bayanan duk abin da ya aika da lokacin da ya aika, aka yi watanni ana bin su ɗaya bayan ɗaya. Kafin shekarar ta ƙare ESA ta fito fili ta amsa cewa akwai matsala, ta kafa kwamitin bincike.

Abin takaicin shi ne gyaran kansa ɗan ƙarami ne, da a ce hannu zai kai. 'Yan alƙaluma ne za a sauya a cikin umarnin da ke tafiyar da sashen raba ɗigo. Amma an dasa umarnin ne yadda ba ya sauyuwa daga nesa, na'urar kuma ta riga ta wuce Mirrihu. Tun da ba a iya gyara kunnen ba, sai aka koma ga motsin. Motsin da ke sauya kaɗawa shi ne wanda ke kan layin da ya haɗa mai aikawa da mai karɓa, ko kusantowa ko nesantawa. Abin da ke gilmawa ta gefe ba ya ƙara tazara ba ya rage ta. Wanda ke tsaye a bakin titi yakan ji jiniya ta taho masa gadan-gadan, ta faɗi farat ɗaya. Wanda ke can cikin gona nesa da titi, motar ta fi yi masa kama da mai gilmawa, sauyin da zai ji a lokacin da take wucewa ta gabansa a hankali yake zuwa. Masu tsara hanyar Cassini suka yanke shawarar su mai da shi mutumin cikin gona. A maimakon ya wuce Titan da tazarar kilomita 1,200, zai wuce da tazarar kusan kilomita 60,000. An sanar da sabon tsarin a tsakiyar 2001. Ya buƙaci a gajarta kewaye biyu na farko da Cassini zai yi wa Zuhalu, a ƙara wani kewayen, a ci wani kaso na man ajiya, a kuma ɗage ranar sauka daga ƙarshen Nuwamba 2004 zuwa tsakiyar Janairu 2005. Aka ƙara da wata dabara: a tashi Huygens sa'o'i huɗu kafin ya shiga iskar Titan, domin ɗumin jikinsa ya ɗan karkata agogon da ke jera ɗigon zuwa inda ake so.

Cassini ya shiga kewayen Zuhalu ranar 1 ga Yuli 2004. Ranar 25 ga Disamba ya sauke goyonsa, Huygens ya yi kwana ashirin yana tafiya shi kaɗai, shiru, babu abin da ke aiki a jikinsa sai agogon da zai tashe shi. Ranar 14 ga Janairu 2005 ya shiga iskar Titan. Labarin farko bai zo ta hannun Cassini ba, wanda a lokacin ya ba duniya baya. Babban faifan sauraron taurari na Green Bank da ke jihar West Virginia, mai faɗin mita 100, shi ya tsinkayi igiyar dakon Huygens kai tsaye, siririya ƙwarai, bayan ta yi tafiyar minti 67. Ba za a iya karanta saƙo a cikinta ba daga wannan nisa, amma jinta kawai ya nuna laima ta buɗe, kumbo yana raye. Bayan wasu sa'o'i Cassini ya juyo ya fara zazzage abin da ya naɗa, a Darmstadt aka ga ɗigo suna shigowa a jere, kowanne a gurbinsa.

Ta tasha ɗaya suke shigowa. Ɗayar, mai megahaz 2040, babu komai a cikinta. A cikin jerin umarnin da aka aika wa Cassini an manta da wanda zai kunna wani sashe na na'urar karɓar wannan tasha, kuma ESA ta ɗauki alhakin mantuwar. Yawancin ma'aunai an aika da su ta tashoshin biyu ne, don haka ba su ɓata ba. Hotuna kuwa raba su aka yi tsakanin tashoshin don a samu da yawa, sai aka tsira da kimanin 350, rabin abin da aka sa rai. A cikinsu aka ga kwazazzabai masu rassa kamar na rafuka, waɗanda ruwan iskar metan ya sassaƙa, da fili mai duwatsun ƙanƙara da suka mulmule kamar tsakuwar bakin kogi, a wurin da sanyinsa ya kai digiri 179 ƙasa da sifili. Bayan shekara huɗu ana gyaran babban kuskure, ƙaramin layi guda ya ci rabin hotunan. Babu wanda ya isa ya ce ya gwada komai.

Akwai gwaji guda da ya dogara kacokan ga tashar da ta ɓata, wanda Michael Bird na Jami'ar Bonn ke jagoranta, kuma shi ma a kan lissafin Doppler aka gina shi. Kumbon da ke rataye a laima duk inda iska ta nufa nan yake bi. Idan an sa masa agogo mai tsananin daidaito, aka auna yadda kaɗawar igiyarsa ke hawa da sauka a kunnen mai karɓa, za a iya fitar da gudun iskar a kowane mataki na saukowa. Abin da ya kusa halaka saƙon shi ne ma'aunin a nan. Cassini bai ji tashar ba, amma Green Bank ya ji, daga baya da duniya ta juya sai faifan Parkes mai faɗin mita 64 a Ostireliya ya karɓa, tare da wasu faya-fayan a Amurka da Asiya. Su ba saƙon suke buƙata ba, kaɗawar igiyar dako kawai suke aunawa. Da aka cire juyawar duniya, da tafiyarta a kewayen rana, da tafiyar Zuhalu da ta Titan, abin da ya rage shi ne motsin Huygens a cikin iska. Aka gano cewa a tsawon kilomita 120 daga ƙasa iskar tana gudun kusan mita 120 a daƙiƙa, fiye da kilomita 400 a sa'a, daga yamma zuwa gabas, ta fuskar da Titan ke juyawa. Tsakanin kilomita 100 da 60 sai ta lafa ƙwarai, abin da ba a zata ba, ta sake tashi, kana ta riƙa raguwa har ta koma kusan mita guda a daƙiƙa dab da ƙasa.

Huygens ya dira a kan ƙasa mai laushi kamar jiƙaƙƙen yashi, bai farfashe ba, ya ci gaba da magana. Cassini ya saurare shi na minti 72 daga saman Titan, sa'annan ya faɗa bayan sararin wurin kamar yadda rana ke faɗuwa, layin da ke tsakaninsu ya yanke. Batirin Huygens ya wuce abin da aka ƙiyasta masa. Faya-fayan da ke duniya sun ci gaba da jin igiyar dakonsa kusan sa'o'i biyu bayan Cassini ya daina ji, tana ɗauke da ɗigo 8,192 a kowace daƙiƙa waɗanda babu na'urar da ta karanta su.